Sharhi: Sammacin benci, ɗan hakin da ke tsone idon baƙi a Amurka

A ƙarshen watan Afrilun 2025 rundunar ƴan sandan birnin Niyok ta yi wani sauyi da mutane da yawa ba su ɗauka da muhimmanci ba. Mai keke, ko mai keken lantarki, da ya ƙetare jar danja, a da tikitin tara ake ba shi ya biya ya wuce. Sai aka fara miƙa masa takardar sammaci ta kotun laifuka, mai ɗauke da rana da wurin da zai bayyana gaban alƙali. Duk wanda ya san titunan Manhattan da Bronx ya san su wa ke bisa waɗannan kekuna: masu kai abinci gida-gida, kuma cikinsu akwai samarin Afirka ta Yamma da dama, ƴan Gini da Senegal da Mali da Burkina Faso, har da namu ƴan Nijar da ƴan zangon Gana.

Abin da ya raba takardun biyu ya wuce kuɗin tara. In ranar da ke jikin sammacin ta zo, aka kira sunanka ba ka amsa ba, alƙali na iya sa hannu kan umarnin a kamo ka duk inda aka gan ka. Wannan umarni shi Amurkawa ke kira warantin benci, domin daga kan bencin da alƙali ke zaune yake fitowa, ba sai ɗan sanda ya zo ya roƙa ba. Mu kira shi sammacin benci. Ana bayar da shi kan wanda bai zo kotu ba, ko wanda bai biya tarar da aka yanke masa ba, ko wanda ya saɓa wani sharaɗi da alƙali ya gindaya. Mafi yawan lokaci babu wanda zai zo ya ƙwanƙwasa maka ƙofa. Sunanka ne kawai zai shiga kwamfuta ya kwanta, shekara biyu, shekara goma, domin a galibin jihohi ba ya mutuwa da tsufa. Ranar da fitilar bayan motarka ta mutu ɗan sanda ya tsayar da kai, ranar zai farka.

Ga ɗan ƙasa, abin kan ƙare da kwana ɗaya ko biyu a tsare, da kunya, da asarar aiki wani lokaci. Ga baƙo kuwa, a Amurkar yau, wannan ƴar takarda ta zama ƙofar da ake bi da mutum daga ƙaramin laifi zuwa jirgin da zai maido shi gida. Shi ya sa binciken ko akwai sammaci a kanka, da kashe shi tun kafin ɗan sanda ya riga ka sani, ya zama cikin abubuwan da ya kamata kowane gida mai ɗa a can ya yi maganarsu.

Wanda ya saba da tsarin da muka gada daga Faransa zai sha mamakin yadda abin yake a can. A wurinmu ƙasa ɗaya ce, ma'aikatar shari'a ɗaya, kundin dokoki ɗaya daga Diffa har Tillaberi. Amurka jihohi 50 ne, kowace da dokokinta na laifuka, kuma a ƙarƙashinsu akwai gundumomi sama da 3,000. Mafi yawan shari'o'in yau da kullum a matakin gunduma ake yin su: alƙalin yana zaune a gidan kotun gunduma, magatakardan kotu shi ke riƙe da fayil, sannan sherif, wato shugaban jami'an tsaron gunduma wanda galibi zaɓarsa ake yi, shi ke aiwatar da sammaci kuma shi ke tafiyar da gidan tsare mutane. Bronx ita kanta gunduma ce. Greensboro, garin da ya daɗe da tara ƴan Nijar a jihar Karolina ta Arewa, yana ƙarƙashin gundumar Guilford.

To, babu wani shafi guda da mutum zai buga sunansa ya ga duk Amurka. Hukumar FBI tana da babban rumbun bayanai mai suna NCIC, amma jami'an tsaro kaɗai ke buɗe shi, kuma ba kowane ƙaramin sammaci ake sakawa ciki ba. Saboda haka binciken yakan fara ne da tambaya ɗaya: a wace gunduma aka tsayar da ni? Ba inda kake zaune yanzu ba, inda abin ya faru. Direban babbar mota da ke ratsa jihohi shida a mako, ko mai tasi da ya kai fasinja ƙetaren iyakar jiha, zai iya samun sammaci a garin da ko sunansa ya manta. Kuma a jihohi irin su Texas da Missouri da New Jersey akwai kotunan gari da ke riƙe da nasu fayiloli daban, wanda ke nufin shafin gunduma na iya nuna maka babu komai alhali abin yana kwance a kotun gari.

Wasu jihohi sun sauƙaƙa. Wisconsin da Maryland da Pennsylvania suna da shafin intanet na jiha baki ɗaya da ake duba shari'o'i kyauta, Niyok tana da WebCrims na shari'o'in da ke gudana, Karolina ta Arewa ma ta mayar da kotunanta kan na'ura. Ofisoshin sherif da yawa suna wallafa jerin waɗanda ake nema. Sai dai ganin babu sunanka a shafi ba hujja ba ce. Wasu kotuna da gangan suke ɓoye sammacin da ba a aiwatar ba, wasu kuma sai a yi kwanaki ba a sabunta ba. Kamfanonin da ke karɓar kuɗi su ce za su bincika maka duk ƙasar cikin minti ɗaya, daga waɗannan shafukan suke kwasa, sau da yawa ma tsohon bayani. Wanda ya fi kowa sanin gaskiya shi ne magatakardan kotun da ke riƙe da fayil, kuma ana iya kiransa ta waya da lambar shari'a.

Akwai wata matsala da ta fi shafar mutanenmu fiye da ɗan Amurka. Suna ɗaya kan fito da rubutu huɗu: Mahamadou, Mohamed, Mamadou, Muhammad, Abdoulaye, Abdoulahi, Abdullahi. Ɗan sanda na iya ɗaukar sunan uba ya sa a matsayin sunan yanka. Sannan ga ranar haihuwa. Dubban mutanen Sahel da takardunsu ba su nuna takamaimiyar rana ba, 1 ga Janairu aka rubuta musu a fasfo. Ka ga kenan mutum biyar masu suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya a gari ɗaya ba abin mamaki ba ne. Abin yana yanka ta fuska biyu: kana iya neman sunanka ba ka gani ba don an rubuta shi daban, kana kuma iya zama a bayan motar ƴan sanda saboda sammacin takwaranka. Duk mai bincike sai ya gwada kowane irin rubutu, ya juya sunayen gaba da baya.

Abin da bai kamata a yi ba shi ne a taka har ofishin sherif a miƙa katin shaida a ce a duba. In an samu, ba za a ce ka je ka dawo ba.

Mai karatu zai iya cewa ai wanda bai je kotu ba shi ya jawo wa kansa. Alƙaluman Amurkawan kansu sun nuna abin bai kai haka sauƙi ba. Bayan kisan Michael Brown a Ferguson, jihar Missouri, a watan Agustan 2014, ma'aikatar shari'ar tarayya ta binciki garin ta fitar da rahoto a watan Maris na 2015. Gari ne mai mutum kusan 21,000, amma a ƙarshen 2014 sama da mutum 16,000 ne ke da sammacin kotun garin a kansu, kuma a shekarar kuɗi ta 2013 kaɗai kotun ta fitar da sama da 9,000, mafi yawansu kan ajiye mota ba daidai ba da laifukan hanya da makamantansu. Rahoton ya nuna yadda garin ya mai da kotu wurin tara kuɗin shiga, sammaci kuma ya zama sandar karɓar bashi. Alhali tun 1983, a shari'ar Bearden da jihar Georgia, kotun ƙoli ta ce ba a ɗaure mutum don ya kasa biyan tara sai an bincika an ga ko yana da hali ya ƙi.

A Niyok kuma, akwai lokacin da kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda aka bai wa ƙaramin sammaci ba sa zuwa. Masu bincike suka ce bari mu gwada abu mai arha. Aka sake fasalin takardar, aka hau da ranar kotu zuwa sama inda ido zai fara sauka, aka rubuta ɓaro-ɓaro abin da zai biyo baya in ba a zo ba. Rashin zuwa ya ragu da kashi 13 cikin 100. Aka ƙara da saƙon tunatarwa ta waya, ya sake raguwa da kusan kashi 21. Mujallar Science ta buga sakamakon a 2020, inda aka ƙiyasta an kauce wa sammaci kusan 30,000 cikin shekara uku. Mutumin da saƙon waya ya isa ya kawo shi kotu ai ba gudu yake yi ba. Mantuwa ce, ko takardar da bai iya karantawa ba, ko aikin da in ya bari yini ɗaya za a ba wani. A watan Agustan 2017 manyan masu gabatar da ƙara na Brooklyn da Bronx da Manhattan da Queens suka sa aka soke tsofaffin sammaci sama da 640,000 da suka haura shekara 10, na laifuka irin su hawa keke a hanyar masu ƙafa da zama a lambun shaƙatawa bayan an rufe.

Ga baƙo akwai ƙari a kan mantuwa. Sabon zuwa yakan sauya wurin kwana sau uku a shekara, wasiƙar kotu kuma tana zuwa adireshin farko. Wani kuma da tunanin gida ya je: ƙaramar magana ce, in ta taso za a nemi wanda ya san wani a sasanta. Can kwamfuta ba ta da ɗan uwa.

Dubi yadda abin ke ƙulluwa a Karolina ta Arewa, inda suke kiran sammacin da umarnin kamu. Mutum bai je kotu kan laifin hanya ba. Bayan kwana 20 kotu ta sanar da hukumar lasisi, aka ɗora masa tarar rashin zuwa ta dalar Amurka 200, sama da jika 100 na sefa kenan. Hukumar ta aika wasiƙa, bayan kwana 60 lasisin tuƙinsa ya mutu. Shi bai sani ba, yana ta tuƙi zuwa aiki. Ranar da aka sake tsayar da shi, tuƙi da soken lasisi laifi ne mai zaman kansa. Abu ɗaya ya haifi uku.

Kotun ƙolin Amurka ta ƙara wa wannan takarda nauyi a 2016, a shari'ar jihar Utah da Strieff. Ɗan sanda ya tsayar da wani mutum da ya fito daga gidan da ake sa wa ido, kuma jihar da kanta ta amince babu isasshen dalilin tsayarwar. Da aka duba sunansa sai aka ga ƙaramin sammaci na laifin hanya. Aka kama shi, aka caje shi, aka samu ƙwaya. Alƙalai biyar cikin takwas suka ce abin da aka samu ya halatta a matsayin shaida, domin sammacin ya wanke kuskuren farko. Mai shari'a Sonia Sotomayor, wadda ta ƙi amincewa, ta tunatar cewa akwai sammaci sama da miliyan 7.8 a rumbunan jihohi da na tarayya. Ma'anar hukuncin a aikace ita ce mai sammaci a kansa ya rasa wani ɓangare na kariyar da sauran jama'a ke da ita a kan titi.

Yanzu mu zo inda maganar ta haɗu da shige da fice. A mafi yawan wurare, wanda aka shigar gidan tsarewa na gunduma ana ɗaukar zanen yatsunsa, a tura wa FBI, ita kuma ta raba da ma'aikatar tsaron cikin gida. Ta haka hukumar ICE ke sanin ga wane a wuri kaza, ta aika buƙatar a riƙe mata shi har sa'o'i 48. Ko sherif zai amsa, wannan ya dogara da jiha da gunduma. Birnin Niyok ya taƙaita irin wannan haɗin kai tun 2014. Karolina ta Arewa kuwa, a watan Nuwamban 2024 majalisar jihar ta tsallake ƙin amincewar gwamna Roy Cooper ta kafa dokar da ta tilasta wa sherif-sherif amsa kiran ICE kan waɗanda ake tuhuma da wasu laifuka. A 29 ga Janairun 2025 shugaba Donald Trump ya sa hannu kan dokar Laken Riley, wadda ta wajabta tsare baƙon da ya shigo ba bisa ƙa'ida ba in an kama shi ko an tuhume shi da sata, har da ɗauke kaya a kanti, ko da ba a yanke masa hukunci ba. Kuma dokar shige da fice tun da can ta sa ƙin bayyana don amsa tuhumar babban laifin da hukuncinsa zai iya kai shekara 2 cikin jerin laifukan da ke rufe wa baƙo kusan kowace ƙofa.

Har mai katin zama ba a bar shi ba. Jami'an filin jirgi suna duba suna a rumbun bayanai duk lokacin da mutum ya dawo daga tafiya, wanda ya zo hutu Maraɗi ko Kumasi zai iya gamuwa da sammacinsa a wurin buga hatimi. Takardar neman zama ɗan ƙasa ma tana tambayar duk wani kamu ko tuhuma, kuma shari'ar da ba a rufe ba tana tsayar da komai.

Da a ce maganar a nan ta tsaya, shawara mai sauƙi ce: je ka kotu. Amma gidan kotun kansa ya sauya. A watan Afrilun 2021 gwamnatin Joe Biden ta taƙaita kama baƙi a harabar kotuna. A makon farko na dawowar Trump aka ɗage wannan shinge. Abin ya fito fili a gundumar Milwaukee ta jihar Wisconsin, inda jami'ai suka je jiran wani ɗan Meziko da ya zo amsa ƙararsa, kuma a 25 ga Afrilun 2025 FBI ta kama alƙaliyar kotun, Hannah Dugan, bisa zargin ta fitar da shi ta wata ƙofa. A watan Disamba aka same ta da laifin kawo cikas ga aikin jami'an tarayya. Jihar Niyok tana da doka tun 2020 da ta hana irin wannan kamu a kotunanta sai da takardar da alƙali ya sa wa hannu, kuma a watan Yunin 2025 gwamnatin tarayya ta kai jihar ƙara a kanta. Gaba kura, baya sayaki: ka je a jira ka a bakin ƙofa, ka ƙi zuwa a rubuta maka sammaci.

Masu goyon bayan wannan mataki suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Sun ce kotu wuri ne da ake caje kowa kafin ya shiga, saboda haka kamu a can ya fi aminci ga jami'i da wanda ake kamawa fiye da kutsawa gida ko tare mota a hanya. Amma masu gabatar da ƙara da alƙalai da dama sun yi ta kukan cewa abin yana korar shaidu da waɗanda aka zalunta, yana kuma ƙara yawan kujerun da ba kowa ranar shari'a. Tsarin da ke tsorata mutum daga zuwa kotu, sannan ya hukunta shi don bai zo ba, ni ban ga yadda za a kira shi tsaron doka ba.

Duk da haka, in aka auna hanyoyin biyu, ɓuya ta fi tsada. Mai zuwa kotu yana fuskantar haɗari na yini ɗaya, a wurin da ya sani, tare da lauya a gefensa. Mai sammaci yana fuskantar haɗarin kullum, a wurin da bai zaɓa ba, kuma ranar da aka kama shi zai shiga gaban alƙali a matsayin wanda ya taɓa guduwa, abin da ke sa a tsaurara beli a kotun gunduma, ya kuma ɓata masa lissafi a gaban alƙalin shige da fice. Wanda tuni aka yanke masa hukuncin kora, nasa lissafin ya fi nauyi, bai kamata ya ɗaga ƙafa ba sai lauyan da ya san fannonin biyu ya duba fayil ɗinsa.

Hanyar kashe sammacin kuwa ba ta da wani sirri. Alƙalin da ya bayar, ko kotunsa, su kaɗai ke iya janyewa. Lauya na shigar da roƙon a soke, ya kawo dalili da shaidarsa: takardar asibiti, shaidar sauya gida, ko hujjar cewa mutumin yana tsare a wani wuri ranar da aka kira shi. Wannan na ƙarshen yana faruwa fiye da yadda ake zato, domin wanda ICE ta ɗauke ta kai wata jiha ba ya iya halartar shari'arsa ta gunduma, sai a rubuta masa sammaci, kuɗin belin da dangi suka harhaɗa kuma ya shiga haɗari. A wasu jihohi, irin Kalifoniya, doka ta yarda lauya ya tsaya a madadin wanda ake tuhuma da yawancin ƙananan laifuka ba tare da shi ya zo ba. Tun bayan korona kotuna da yawa sun buɗe halarta ta bidiyo. Niyok ta sa a dokarta cewa a mafi yawan lokuta sai an bai wa mutum ko lauyansa sa'o'i 48 ya kawo kansa kafin a fitar da sammacin. Wasu gundumomi suna ware ranakun da mutum zai shigo da ƙafarsa a duba maganarsa nan take, abin da ya samo asali daga wani shiri da aka fara a Cleveland a 2005, inda aka mai da majami'a kotun wucin gadi don mutane su zo ba fargaba. Lauyoyi kan ba da shawarar a je da sassafe a farkon mako, domin wanda aka tsare da yammacin Juma'a sai Litinin zai ga alƙali.

Kuɗin lauya kada ya zama dalilin zama. Tun hukuncin Gideon na 1963 da waɗanda suka biyo bayansa, talakan da ke fuskantar ɗauri yana da haƙƙin lauyan da gwamnati ke biya, ba a tambayar takardar zama. Ƙungiyoyi irin su Bronx Defenders da Legal Aid Society suna da lauyoyin shige da fice a cikinsu. Tafinta ma haƙƙi ne a shari'ar laifi, kuma gara a nemi na Hausa ko Zabarmanci ko Faransanci tun da wuri da a tsaya ana gyaɗa kai ga Turancin da ba a gane ba.

Nan ne wani tarko yake, kuma mutanen kirki ne ke faɗawa cikinsa. Mutum ya gaji, yana son ya rabu da maganar, aka ce masa biya kaza ka tafi gida. A shari'o'i da yawa biyan nan daidai yake da amsa laifi, kuma laifin da kotun gunduma ke gani ƙarami, dokar shige da fice na iya ganinsa babba: ƴar sata, ƙwaya, zamba. A 2010 kotun ƙoli ta duba ƙarar Jose Padilla, direban babbar mota ɗan asalin Honduras da ya yi sama da shekara 40 da katin zama, har ya yi wa Amurka yaƙi a Biyetnam. Lauyansa ya ce masa ya amsa laifi ba abin da zai same shi. Kotun ta yanke cewa wajibi ne lauya ya faɗa wa baƙo in amsa laifi zai jawo masa kora. Tambayar da za a yi kafin a sa hannu kenan, kuma a yi ta da baki.

Kada kuma a haɗa wannan sammaci da takardun ICE. Nata takardun kamu jami'inta ne ke sa musu hannu, ba alƙali ba, kuma ba za ka gan su a shafin kotun gunduma ba. Kotun shige da fice ma daban take, a ƙarƙashin ma'aikatar shari'ar tarayya, ba a ba da lauya kyauta, kuma wanda bai je zamanta ba ana iya yanke masa hukuncin kora a bayan idonsa. Mutum na iya wanke kansa a gunduma alhali ɗaya fayil ɗin yana nan a buɗe.

Ƴan damfara sun daɗe da gano wannan tsoro. Waya ta buga, lambar da ta fito kamar ta ofishin sherif, murya ta ce akwai sammaci a kanka, in ba ka biya yanzu da katin sayayya ko kuɗin intanet ba ga jami'ai nan zuwa. Kotunan Amurka sun sha gargaɗi cewa ba sa karɓar kuɗi ta wannan hanya. A kashe wayar, a nemo lambar magatakarda daga shafin kotun, a kira da kai.

In alƙali ya janye sammacin, saura takarda. A 2004 wani mai suna Bennie Herring ya je ofishin sherif na gundumar Coffee a jihar Alabama karɓar kaya daga motarsa da aka riƙe. Jami'i ya sa aka tambayi maƙwabciyar gunduma, Dale, aka ce akwai sammacin rashin zuwa kotu a kansa. Aka kama shi, aka caje. Bayan ƴan mintoci sai aka gano an janye sammacin wata biyar da suka wuce, ba a goge shi a kwamfuta ba ne kawai. A 2009 kotun ƙoli, biyar da huɗu, ta ce sakaci ne na rubutu, abin da aka samu a jikinsa ya tsaya a matsayin shaida. Don haka a karɓi kwafin umarnin janyewa mai hatimin kotu, a ɗauki hotonsa a waya, a ajiye ɗaya a mota, sannan bayan mako ɗaya ko biyu a sa lauya ya tabbatar ofishin sherif da hukumar lasisi sun gyara nasu bayanan.

Akwai kuma waɗanda suka riga suka dawo gida, da kansu ko an maido su, suka bar shari'a a buɗe a baya. Sammacin bai san sun tafi ba. A watan Yunin 2025 Amurka ta hana ƴan Chadi da Sudan shiga ƙasarta, a watan Disamba ta ƙara da Nijar da Mali da Burkina Faso, wanda ke nufin da yawansu ko sun so zuwa su tsaya gaban alƙali ba hanya. Abin da ya rage musu shi ne su nemi lauya a gundumar da fayil ɗin yake, su aika masa lambar shari'a da shaidar ranar da suka bar ƙasar, ya roƙi kotu ta janye sammacin ko ta saurare su ta bidiyo. Ba kowane alƙali ke amincewa ba, musamman in tuhumar babba ce. Amma a ƙananan laifuka ana samu, kuma ya fi sauƙi yanzu da lauyan farko da takardun suke kusa fiye da ranar da ɗa ko mata za su nemi a shigar da sunan mutum cikin takardun iyali, jami'in ofishin jakadanci ya buɗe kwamfuta ya ga tsohon fayil daga Guilford ko Bronx.